HUKUNCIN CIN NAMAN SHANU A MUSULUNCI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci dabbobin ni'ima, Ya hore mana su, muna hawa, muna tatsa, muna yanka. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Amma bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi Musulmi, Allah Ya yi mini rahama tare da kai. Akwai wata tambaya da ta fara yawo a tsakanin samari, a makarantu da majalisu, watau wai shin ya halatta Musulmi ya ci naman shanu? Wani zai ji ya yi dariya, ya ce wannan ma ai ba tambaya ba ce, mu da muka tashi da tsire da kilishi. To kada ka yi dariya. Duk abin da mutum yake yi bisa gadon iyaye kawai, ba tare da ya san dalilinsa ba, ranar da mai shubuha ya tare shi sai ka ga bakinsa ya mutu. Saboda haka za mu kawo maka hukuncin da dalilansa, sa'an nan mu warware shubuhohin, daga ƙarshe mu nuna maka inda haɗarin gaskiya yake game da naman da kake sa wa cikinka.

HUKUNCI A TAƘAICE

Ka sani, naman shanu halal ne. Sa, da saniya, da karsana, da maraƙi, duk hukuncinsu ɗaya ne. Alkur'ani ya halatta, Sunna ta tabbatar, malaman Musulunci kuma sun yi ijma'i a kai. Babu saɓani tsakanin Imam Maliku da Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad ɗan Hambali a wannan mas'ala. Sharaɗi dai shi ne a yanka ta yankan shari'a, kuma a mallake ta ta hanyar halal.

DALILAI DAGA ALKUR'ANI

A aya ta farko ta Suratul Ma'ida Allah Maɗaukakin Sarki Ya halatta wa muminai dabbobin ni'ima, sai waɗanda Ya togace. To waɗanne ne dabbobin ni'ima? Allah bai bar mu da kintace ba. A Suratul An'am, aya ta 143 da ta 144, Ya lissafa su guda takwas, namiji da mace: tumaki, da awaki, da raƙuma, da shanu. Ka ga an ambaci shanu da sunansu. A cikin waɗannan ayoyin ne kuma Allah Ya umurci Manzonsa ya ƙure mushirikan Larabawa da tambaya, su faɗi wanne Ya haramta a ciki, mazan ko matan ko abin da ke cikin mahaifa, su kuma kawo ilmi in suna da shi. Ba su da shi.

Har ila yau ka duba ƙissar Annabi Ibrahim (A.S.) da baƙinsa, a Suratu Hud aya ta 69 da Suratuz Zariyat aya ta 26. Da baƙi suka sauka gidansa me ya kawo musu? Maraƙi mai ƙiba, gasasshe. Badaɗin Allah, baban Annabawa, shi ne ya zaɓi naman maraƙi don ya girmama baƙo, Allah kuwa Ya ba mu labarin a wurin yabo.

A Suratul An'am aya ta 146 an faɗi cewa an haramta wa Yahudawa kitsen shanu da na tumaki, a matsayin horo saboda zaluncinsu. Wannan nauyi ne da aka ɗora musu su kaɗai, an sauke wa al'ummar Annabi Muhammadu (S.A.W.). Kai kam, tsoka da kitse da tozo da hanta da kayan ciki duk an halatta maka.

DALILAI DAGA SUNNA

Na farko, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Uwar Muminai A'isha (R.A.) cewa a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, an shigo musu da naman shanu ranar Babbar Salla. Da ta tambaya, sai aka gaya mata Manzon Allah ne ya yanka wa matansa. To ka tsaya ka yi tunani. Annabi zai nemi kusanci ga Allah da abin da ba ya halatta? Zai ciyar da iyalinsa haram? Haba!

Na biyu, Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) cewa a shekarar Hudaibiyya, watau shekara ta 6, sun yi hadaya tare da Manzon Allah, raƙumi ɗaya na mutum bakwai, saniya ɗaya ta mutum bakwai.

Na uku, a cikin Sahihu Muslim an kawo wa Annabi (S.A.W.) naman shanu, aka ce masa sadaka ce da aka ba Barira. Sai ya bayyana cewa a wajenta sadaka ce, a wajensu kuwa ta zama kyauta. Abin da ya duba shi ne hanyar da naman ya zo, domin shi ba ya cin sadaka. Bai ce kome ba a kan kasancewarsa na saniya.

Na huɗu, Allah Ya ɗora wa shanu zakka. Lokacin da Annabi ya aiki Mu'azu ɗan Jabal (R.A.) ƙasar Yaman, ya umurce shi ya karɓi ɗan maraƙi a cikin kowane shanu 30, ya karɓi babbar saniya a cikin kowane 40. Dukiya ce mai tsarki da ake bauta wa Allah da ita, a zakka, a layya, a hadaya.

Game da layya, ga faɗakarwa. Mafi yawan malamai sun halatta mutum bakwai su haɗa kuɗi su yi layya da sa ɗaya, saboda hadisin Jabir. Mazhabar Malikiyya ba ta yarda da tarayya a cikin kuɗin layya ba, ta dai yarda maigida ya sa iyalinsa a cikin lada. Amma watanda da ake yi don a sami naman ci, ba da niyyar layya ba, wannan ciniki ne halal ba tare da gardama ba.

DAGA INA SHUBUHAR TA FITO?

Shubuha ta farko wani hadisi ne da ake yaɗawa, wanda ma'anarsa ta ƙunshi cewa akwai waraka a nonon saniya da manta, namanta kuwa yana da cuta. Ba ya cikin Bukhari, ba ya cikin Muslim. Malaman hadisi sun yi saɓani a kansa. Waɗansu sun raunana shi, suka ce ya saɓa wa abin da ya fi shi inganci, daga cikinsu akwai Shehu Ibn Usaimin. Waɗansu kuma sun ƙarfafa shi, daga cikinsu akwai Shehu Albani. Amma abin da za ka riƙe shi ne, ko waɗanda suka karɓe shi ba su ce yana nufin haramci ba. Sun ɗauke shi a kan shiriya ta lafiyar jiki: a kan yawaita ci, ko a kan busasshiyar ƙasa irin ta Hijaz, ko a kan mutumin da jikinsa bai dace da shi ba. Ta yaya za su ce haram ne alhali aya ta halatta, Annabi kuma ya yanka?

Ta fuskar likita ma maganar ba ta wuce nan ba. A shekarar 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jan nama cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo cutar daji, musamman ta hanji. Wannan gargaɗi ne a kan wuce iyaka, Musulunci kuwa ya riga ya hana ɓarna a ci da sha. Wanda amintaccen likita ya ce masa ya rage nama saboda wani ciwo, to ya rage, yana da lada in ya yi don kiyaye amanar jikinsa. Sai dai kada ya tashi ya ce wa jama'a Allah Ya haramta.

Shubuha ta biyu daga ƙasar Indiya ta taso. Ku samari kun sha gani a fina-finansu, saniya tana yawo a tsakiyar titi ba mai taɓa ta. Mabiya addinin Hindu suna girmama saniya girmamawa ta addini. Tsarin mulkin Indiya da ya fara aiki a 1950, a sashe na 48, ya kwaɗaitar da gwamnati ta hana yanka shanu, jihohi da yawa kuma sun kafa dokoki a kan haka. A 2017 jihar Gujarat ta kai hukuncin yanka saniya har zuwa ɗaurin rai da rai. A 2015, a yankin Dadri na jihar Uttar Pradesh, taron mutane sun kashe wani magidanci Musulmi bisa jita-jitar cewa akwai naman saniya a gidansa. Saboda irin wannan hali Musulmi da yawa a can ba sa cin naman saniya, sai na ɓaunar gida, wadda Larabawa ke kira jamus, wadda malamai suka ce hukuncinta hukuncin shanu ne.

To wani sai ya ga haka ya ce ai ga Musulmi miliyoyi ba sa ci, ashe akwai magana. Babu wata magana. Barin abu daban, haramta shi daban. Cin naman shanu halal ne, amma ba farilla ba ne. Idan karatu ko neman magani ko kasuwanci ya kai ka garin da doka ta hana, ko ka ji tsoron fitina a kan ranka da na 'yan'uwanka Musulmin wurin, ka bar shi, ka ci rago, ka ci akuya, ka ci kaza. Ka shiga ƙasar mutane da alkawarin kiyaye dokarsu, Musulmi kuwa ba ya yaudara. Amma a zuciyarka kada ka ƙudurce cewa saniya tana da wani tsarki da ya hana wuƙa. Baiwar Allah ce kamar sauran dabbobi. Suratul Baƙara ma, da wani zai kafa hujja da sunanta, an sa mata sunan ne saboda saniyar da Allah Ya umurci Banu Isra'ila su yanka.

Shubuha ta uku ita ce ta gida, ita ce kuma ta fi damunmu. Saurayi yana neman aiki, ko mata, ko cin jarrabawa, sai ya tafi wurin ɗan tsibbu. Sai a ba shi laƙani, a ce ya shiga halwa kwana kaza, kada ya ci nama, kada ya sha nono, kada ya taɓa duk abin da ya fita daga mai rai, wai don rauhanai ba sa son ƙarni. Wani kuma a ce masa shi har abada naman baƙin sa ba nasa ba ne, in ya ci asirinsa ya karye. Wani a ce gidansu tun kaka da kakanni ba a cin kaza ko kaza.

Ɗan'uwa, wa ya ba su wannan iko? Halattawa da haramtawa haƙƙin Allah ne Shi kaɗai. A Suratun Nahli aya ta 116 Ya hana mu buɗe baki mu kira wannan halal wancan haram bisa ƙarya. A Suratul Ma'ida aya ta 87 Ya hana muminai haramta daɗaɗan abubuwan da Ya halatta musu. A aya ta 103 ta wannan sura Ya rushe al'adar Jahiliyya ta ware waɗansu dabbobi a sake su don gumaka, ba a hawa, ba a ci. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya ga Amru ɗan Luhayyu, wanda ya fara kawo wa Larabawa wannan al'ada, yana jan hanjinsa a cikin wuta. Allah Ya kiyashe mu. A ruwayar Muslim kuma daga Anas (R.A.), waɗansu sahabbai sun so su ƙara himma a ibada, ɗaya ya ce ba zai yi aure ba, wani ya ce ba zai ci nama ba, wani ya ce ba zai kwanta a shimfiɗa ba. Annabi bai yaba musu ba, ya nuna musu cewa wanda ya ƙyamaci Sunnarsa ba ya tare da shi. To in wanda ya bar nama don neman yardar Allah an mayar masa da abinsa, ina ga wanda ya bari don neman yardar aljani?

INDA HAƊARIN YAKE

Yanzu mun gama da saniya. Sauran wuƙa, da hannun da ya riƙe ta, da kuɗin da aka saye ta. A nan ne saniyar halal take komawa haram, mu kuwa a nan ne muka fi sakaci.

Na ɗaya, mushe. Suratul Ma'ida aya ta 3 ta haramta mushe, da jini, da wadda aka shaƙe, da wadda aka buge, da wadda ta faɗo, da wadda 'yar'uwarta ta tunkuye, da wadda naman daji ya ci, sai wadda aka riska da rai aka yanka. Ka san yadda ake loda shanu a tirela daga kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari da Mubi zuwa Kudu, kwana da kwanaki, wata a kan wata. Wadda ta mutu a hanya mushe ce, ko da an ja mata wuƙa a wuya bayan rai ya fita don a yaudari mai saye. Ya kai yaron mahauci, ya kai mai tukuba, ka ji tsoron Allah. Asarar saniya ɗaya ta fi sauƙi a kan ka ciyar da unguwa guda mushe. Ga kuma haɗarin cuta. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antaraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a wata gona a Suleja ta Jihar Neja. Cuta ce da ke kama mutum ta hanyar feɗe dabbar da ta mutu da ita ko cin namanta. Abin da shari'a ta hana ka, don amfaninka ta hana.

Na biyu, siffar yanka. A mazhabar Malikiyya sai an yanke maƙogwaro da manyan jijiyoyin wuya guda biyu, daga gaba, ba tare da an ɗage hannu kafin a gama ba. Mai yankan ya zama mai hankali, Musulmi ko ma'abocin Littafi, ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah. Wanda ya manta bisimilla ana cin yankansa, wanda ya bari da gangan ba a ci. Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu cewa Annabi ya yi umurni a wasa wuƙa, a hutar da dabba. Saboda haka karya mata wutsiya don ta tashi, da sare mata agara tana tsaye, da fara fiɗa kafin ta gama shure-shure, duk zalunci ne da za a tambaye ka a kansa. Abin da aka yanko daga jikin dabba tana da rai kuwa hukuncinsa hukuncin mushe ne.

Na uku, wanda ya fi kowanne muni, yanka don wanin Allah. Baƙin sa da ake kai wa gindin tsamiya, ko bakin kogi, ko kan dutse, ko kabarin wani, ko wanda boka ya ce a zubar da jininsa a harsashin sabon gida don 'yan ƙasa su bar masu gida lafiya, ko wanda ɗan siyasa ya bayar a binne don ya ci zaɓe. Yanka ibada ne kamar salla, wanda ya juyar da shi ga wanin Allah ya yi shirka. Muslim ya ruwaito daga Aliyu ɗan Abi Ɗalib (R.A.) cewa Annabi ya la'anci mai yanka don wanin Allah. Naman haram ne ko da an yi bisimilla a baki, domin an riga an san wanda zuciya ta nufa. In an aiko maka, kada ka karɓa, kada ka ce ai nama nama ne.

Na huɗu, saniyar sata. Wannan ita ce musibar da ta auka wa yankunan Zamfara da Katsina da Kaduna da Sakkwato a shekarun da suka biyo bayan 2010. An kashe masu shanu, an kore garke, an bar manomi ba shanun huɗa, an bar marayu ba nonon sha. To waɗannan shanu ina suke zuwa? Ɓarawo ba ya cinye garke shi kaɗai. Akwai dillalin da ya karɓa, da direban da ya ɗauka da dare, da mahaucin da ya saya a rabin kuɗi bai tambaya ba domin ya riga ya san amsar. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an taɓa gayyatar Annabi cin abinci, ya sa loma a baki yana taunawa, sai ya faɗa musu cewa yana jin naman tunkiya ce da aka ɗauka ba da iznin mai ita ba, ya ce a ba fursunonin yaƙi. Wannan fa tunkiyar maƙwabci ce da aka yi niyyar biyansa kuɗinta. Ina ga saniyar da aka zubar da jinin mai ita? Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito gargaɗinsa cewa wanda ya ci amanar dukiya zai zo ranar Alkiyama ɗauke da ita a wuyansa, in saniya ce tana kuka. Bisimilla ba ta wanke sata. In ka san ta sata ce, ko alamu suka rinjaya, kada ka saya, kada ka yi dillanci, kada ka ɗauka a motarka, kada ka ci.

KADA KUMA KA FAƊA WASWASI

Bayan duk wannan, kada Shaiɗan ya zo maka ta ɗaya ƙofar. Naman da ka tarar a kasuwar Musulmi, a hannun mahauci Musulmi wanda ba ka san shi da ha'inci ba, asalinsa halal ne. Ba a ɗora maka ka bi kowace tsoka har zuwa kwata ba. Bukhari ya ruwaito daga A'isha cewa waɗansu mutane sun ce wa Annabi ana kawo musu nama ba su sani ba ko an ambaci sunan Allah a kansa, masu kawowar kuwa sababbin shiga Musulunci ne. Sai ya ce musu su su ambaci sunan Allah su ci.

Haka nan in bautar ƙasa ko karatu ya kai ka garin da Musulmi ba su da yawa. Suratul Ma'ida aya ta 5 ta halatta yankan ma'abota Littafi, watau Yahudu da Nasara, matuƙar yankawa suka yi, ba bugewa ko shaƙewa ba. Yankan mai bautar gunki kam ba a ci. In akwai mahauci Musulmi a garin, ka neme shi, ya fi kwanciyar rai. Game da mayankar zamani inda ake sumar da dabba kafin yanka, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce ana ci idan an tabbatar dabbar tana da rai lokacin da aka yanka ta.

KAMMALAWA

Ya kai saurayi, ka riƙe waɗannan abubuwa. Naman shanu halal ne da nassin Alkur'ani da Sunna da ijma'i. Ba malami, ba boka, ba al'adar gida, ba dokar wata ƙasa da za ta mayar da shi haram a wurin Allah. Kana iya barinsa don lafiya, ko don rashin kuɗi, ko don kauce wa fitina, amma kada ka bar shi da sunan ibada. Sa'an nan ka tsare cikinka daga mushe, da yankan shirka, da dukiyar mutane, domin Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya ba da misalin matafiyi mai ƙura a jika, yana ɗaga hannu yana roƙon Allah, alhali cinsa da shansa da tufarsa haram ne, ya nuna yadda amsa addu'ar irin wannan ta yi nisa. Kada ka yi ta kukan addu'arka ba ta karɓuwa alhali ba ka taɓa tambayar kanka abin da kake ci ba.

In kai ɗan fawa ne, ka sani sana'arka amana ce babba, jama'a sun sakankance da kai a kan abin da ba su gani ba. Ka je makarantar dare ka karanta babin yanka a Risala da hadisan da suka zo a kai, ka kuma karantar da abokan sana'arka.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya wadatar da mu da shi ga barin haram. Allah Ya mayar wa waɗanda aka zalunta haƙƙinsu, Ya shiryi samarinmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah Ya ƙara tsira da aminci ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.